Say ko tell: ina bambancin yake?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta yi tambaya: me ya sa malaminsu ya ja wa "he said me" jan biro, alhali "he told me" ta wuce lami lafiya, kuma ai duk faɗa ne?

Malama, ki jera su da Hausa tukuna. "Say" shi ne cewa, "tell" kuwa gaya wa. Hankalin "say" yana kan kalaman da suka fito daga baki, ko da mai saurare ko babu. Shi ko "tell" yana tafe ne da wanda aka gaya wa, manne da shi ba tsakani: "tell him", "she told us". Ko mu ai ba ma cewa "ya ce ni", sai dai "ya ce da ni". Aikin wannan "da" ɗin shi "to" ke yi, don haka daidai shi ne "he said to me".

Wajen umarni na fi son "tell". Idan uwa ta ce a gaya wa yaro ya shigo, "tell him to come in" ne. "Say him to come in" babu shi sam, ko da wasa kada ki rubuta shi a takardar WAEC.

Amma fa akwai inda "tell" ke tsayawa ba mutum a bayansa, kuma waɗannan sai hadda: "tell a lie", "tell the truth", "tell a story", "tell the time". Har da "I can't tell the difference", inda ya koma ganewa. A tsohon Turanci ma ƙirga yake nufi, shi ya sa ake kiran mai ƙirga kuɗi a banki "teller".

"Say" ya riƙe gaisuwa, ban haƙuri da addu'a: "say hello", "say sorry", "say a prayer". Abin da ba shi da baki ma yana "say", kamar agogo ko allon gefen titi: "the sign says stop".

Sai furuci, inda da yawanmu ke tuntuɓe. "Say" ana jan sa, sei. Amma "said" gajere ne, sed, haka "says" ma sez ne, ba seis ba, duk da rubutun yana nuna akasin haka.