Tsamin sabon ciko ne ko cikon ne ya yi tudu?

'Yar uwa, kin ce an yi miki ciko a haƙorin turmi kwana 5 da suka wuce, har yanzu yana zafi in kin tauna abu, kina tambaya ki jira ko ki koma. Abu biyu ne mutane ke rikitawa a nan.

Tsamin sabon ciko, ruwan sanyi ko zaƙi ke tayar da shi. Ya soka na ɗan lokaci ya wuce, kullum yana raguwa, galibi cikin mako 2 zuwa 4 ya ɓace. Wannan haƙuri kawai yake so.

Ciko mai tudu kuwa, cizo ne ke tona shi. Ki haɗa haƙoranki a hankali, baki ba komai. Idan wannan haƙorin ne ke fara taɓa na fuskarsa kafin sauran, cikon ya ɗara. Yawanci lokacin da likita ya gwada, allurar kashe zafi ba ta sake ki ba, ga ki a kwance, ba ki cije yadda kika saba ba. Tudun ba sai ya yi yawa ba, haƙori yana jin abin da bai kai kaurin gashi ba. Nauyin da haƙora ke rabawa sai ya taru a kan guda, siraran zaren da ke riƙe saiwar cikin ƙashi su kumbura. Muƙamuƙi ya riƙa kauce wa wurin, tsokar kunci da ta gefen kai su gaji, wani lokaci har da ciwon kai. In aka ƙyale, haƙorin na iya tsagewa ko ya fara girgiza. Kada ki zauna jiran cikon ya lotse da kansa.

Tunda tauna ce ke tayar da naki, mu dai shawararmu ki koma. Aikin 'yan mintuna ne, galibi ba allura: za ki ciji takarda mai launi, ki goga haƙora gaba da gefe, likita ya rage inda launin ya yi kauri, ya goge wurin sumul. Ki nemi a sake gwadawa kina zaune. Cikon ake ragewa, kada a taɓa lafiyayyun haƙora. Zafin kan lafa cikin 'yan kwanaki.

Amma in zogi yana tashe ki da dare ba tare da kin tauna komai ba, ko zafin ya daɗe bayan kin sha abu mai ɗumi, wataƙila jijiyar cikin haƙorin ce ta kumbura. Wannan ba ya jiran mako.