Wane littafin JavaScript za ka saya a Yamai, kuma kar a sayar maka da gawa

Tun watan da ya wuce ƙannena biyu da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni suke damuna da tambaya ɗaya, wai yaya wane littafi za mu saya mu koyi JavaScript, to maimakon in riƙa maimaita magana a waya bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, wanda ya ga da amfani ya tura ma wani.

Da fari dai ku san abin da kuke nema. JavaScript shi ne harshen da ke sa shafin intanet ya yi motsi, ka danna maɓalli abu ya buɗe, ka cika fom ya ce maka lambar wayarka ba ta cika ba. Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a 1995 a kamfanin Netscape, kuma ba Java ba ne. Ku riƙe wannan da kyau. Sunan ne kawai ya yi kama, saboda a lokacin Java na tashe sai aka laƙa masa sunan don kasuwa, kafin nan ma LiveScript ake ce masa. Mai saida littafi ba ruwanshi da wannan bambanci, in ka ce JavaScript ya miƙo maka Java mai kauri ya ce ai duk ɗaya ne, wannan ma ya fi cika.

Ni nawa zaɓin ba ɓoye-ɓoye, Eloquent JavaScript na Marijn Haverbeke. Dalili na farko wanda zai yi ma ɗan makaranta daɗi, kyauta ne. Mai littafin da kanshi ya sa shi a intanet, za ka iya karantawa a shafin, za ka iya sauke PDF ɗin ka zuba a kile ta USB, ba sata ba ce, da izininshi. Bugu na uku ya fito a 2018, na huɗu a 2024, to in za ka sauka ka sauki na huɗun. Wanda yake da hali kuma yana son na takarda na asali akwai shi, No Starch Press ke bugawa, sai dai samunshi a Yamai sai ka sa wani ya taho maka da shi.

Amma ba kyautar ba ce ta sa nake sonshi, ai kyauta ma akwai ta banza. Abin da ya kama ni shi ne littafin ba ya barinka ka zauna kana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi, kusan kowane babi na ƙarewa da aikin da sai ka yi da hannunka, kuma in ka maƙale akwai ɗan haske da zai ba ka ba tare da ya zuba maka amsar duka ba. A shafin intanet ɗin kuma misalan da ke ciki kana iya taɓa su, ka canza lamba, ka ga abin da zai faru nan take. Ya raba tafiyar kashi uku, harshen kanshi, sannan yadda yake aiki cikin burauza, sannan Node, wato abin da ke sa JavaScript ya yi aiki a wajen burauza. Akwai wani babi da ya koyar da jeri da abubuwa ta hanyar labarin wani mutum da ke rikiɗa ya koma kurege yana rubuta abin da ya ci da abin da ya yi kullum don ya gano mi ke jawo masa, wallahi na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, amma har yau ban manta darasin ba. Gaba kuma za ka haɗa mutum-mutumi mai raba saƙo a wani ƙauye, ka haɗa wasa na tsalle-tsalle, ka haɗa ɗan allon zane. Abin da ka gina da hannunka ke nan, ba haddar jarabawa ba.

Babi na 6 shi ne na abin da 'yan Faransanci ke cewa objet, kuma nan ne mutane da yawa ke rikicewa alhali abin ba wuya. Ka ɗauki kabu-kabu, yana da launi, yana da lamba, yana da yawan man da ke tanki, waɗannan siffofinshi ne, sannan yana da abin da yake yi, ya tashi, ya tsaya, ya sha mai. Ka ɗaure siffofin da ayyukan wuri ɗaya ka samu abu guda, class kuma shi ne kwatancen da kake fitar da babura ɗari daga cikinshi kowane da tashi lambar. Littafin ya bi wannan a hankali har ya nuna maka prototype da ke ƙarƙashi, wato abin da objet ke gadon siffofi da ayyuka daga gare shi, wanda wasu littattafan ke tsallakewa kamar kwata.

Aibinshi biyu kuma ba zan ɓoye ba. Da Turancin Ingilishi yake, mu kuma lakol da Faransanci muka yi. Akwai tsohuwar fassarar Faransanci amma ta bugun farko ce, ta tsufa, ban ba ku shawararta ba. Ni dai da ɗan Ingilishina na kallon bidiyo da mai fassara a waya na lallaɓa, in kalma ta gagara sai in duba MDN, shafin bayanai na Mozilla, wanda yake da ɓangaren Faransanci. Kuma gaskiya in dai wannan sana'a za ka yi Ingilishin ba makawa, saƙon kuskure ma da shi kwamfuta za ta yi maka faɗa. Na biyu, daga babi na 5 hanya na fara hawa tudu, na yi sati biyu a wurin ina zagin marubucin a raina, daga baya na gane ni ne ke gaggawa.

Sauran fa? JavaScript: The Definitive Guide na David Flanagan, mai hoton karkanda a bango, bugu na bakwai 2020, littafi ne na ƙwarai amma na dubawa ne kamar ƙamus, sabon shiga zai yi barci a kai. The Good Parts na Douglas Crockford, siriri mai hoton malam-buɗe-littafi, na 2008 ne, malamin ya daɗe da rufe littafin. Na Jon Duckett mai hotuna masu kyau na 2014 ne kuma wani babban kaso nashi jQuery ne, wani tsohon kayan taimako da aka gina a kan JavaScript, in an yi maka fotokofinshi baƙi da fari ma kyan ya tafi. You Don't Know JS na Kyle Simpson shi ma kyauta ne a shafin GitHub amma sai ka ɗan iya tukuna. Na Faransanci irin na Eyrolles da ENI akwai masu kyau, sharaɗin dai ka duba shekara.

To shekarar nan ita ce maganar gaba ɗaya, kuma nan ne aka cuce ni.

A 2021 ina sabon shiga, na je wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa, na ce ma wani dattijo Baba ina neman littafin da ake koyon sa shafin intanet ya yi motsi. Ya tono wani ƙato daga ƙarƙashin tulin, ya kakkaɓe ƙura, ya ce ɗana ai ka zo gidan, wannan shi injiniyoyi ke saye. Muka yi ciniki daga jika goma ya dawo jika shidda, na tafi ina jin na yi dabara. Littafin ActionScript ne, harshen Flash, tsohuwar manhajar kamfanin Adobe da a da ke sa wasanni da bidiyo a shafin intanet. Kuma abin haushin yana kama da JavaScript sosai don asalinsu ɗaya, shi ya sa ban farga ba, na yi sati uku ina kwafa a kaye ina haddacewa, ranar da na tashi gwadawa babu abin da ya yi aiki. Wani abokina ya kalli bangon ya fashe da dariya, ya ce ai Adobe ta daina tallafa ma Flash tun 31 ga Disamba 2020, burauzoji duk sun cire shi. Gawa na saya jika shidda, har da murnata. Ban ma ce dattijon ya sani ba, wataƙila shi ma bai sani ba, amma kuɗina dai bai dawo ba.

Saboda haka kafin ka fiddo ko dala, buɗe shafin farko na ciki inda ake rubuta shekarar bugawa, kar ka yarda da bango, don masu fotokofi sun iya yin sabon bango mai sheƙi su rubuta sabuwar shekara su manna ma tsohon ciki. Ma'aunin shi ne 2015, a shekarar aka yi ma harshen babban gyara da ake kira ES6, aka shigo da sababbin kalmomi irin let da const, waɗanda suka maye gurbin tsohuwar var, da class da kibiyar nan =>. Ka buɗe tsakiyar littafin ko'ina, in ka ga var kaɗai daga farko har ƙarshe, ka ga document.write ta ko'ina, ka ga ana ta bayanin yadda za ka lallashi Internet Explorer, tsohon burauzan da Microsoft ta yi ma ritaya a 2022, ajiye masa kayanshi ka yi godiya ka wuce. Ka leƙa jerin kalmomin baya ka nemi fetch da async, in babu to littafin ya girmi aikin da za ka nema.

Fotokofin kanshi ma wata masifa ce daban. Littafin labari in gefe ya yanke za ka iya cankar kalmar, amma nan baka ɗaya in ta ɓace a gefen shafi shirin duka ya tsaya, kuma kai sabon shiga ba za ka san laifin takarda ne ba, za ka ɗauka kanka ne ba ya ja. Haka lamba 1 da ƙaramin harafin l, in tawada ta yi ƙasa ba ka bambance su. Ka ƙirga lambobin shafi kuma, na taɓa ganin wanda ya yi tsalle daga 112 zuwa 145 an ɗinke shi tsaf kamar ba komai.

Sai na zamani, 'yan WhatsApp da Facebook masu tallan wai littattafai hamsin na koyon kwamfuta a jika biyu, ka tura kuɗi su turo maka. In sun turo ke nan. Rabin abin da ke ciki kyauta ne tun asali, shi Eloquent ɗin ma na gan shi a irin wannan tallan, wato ana sayar maka da ruwan kogin Kwara kana zaune a bakin gada. Sauran kuma tsofaffi ne da aka canza ma suna, ko waɗanda ba a san ma wa ya rubuta ba, babu sunan marubuci na gaske babu kamfanin bugawa, kana karantawa ka ji maganar na zagaye wuri ɗaya kamar inji ne ya tofo ta. Littafin da ba ka iya samun marubucinshi in ka bincika sunan, bar shi. Wanda ya yi maka alkawarin ƙwarewa a kwana bakwai shi ma bar shi. Kuma fayil ɗin da aka ce littafi ne amma ƙarshen sunanshi exe ko apk, kar ka kuskura ka buɗe, ba littafi ba ne.

In da hali ka tafi da kwamfutarka ko ta aboki, ka buɗe Chrome ko Firefox ka danna F12, ka shiga console, wurin da ake rubuta umarni ana ganin sakamako nan take, ka rubuta misali ɗaya daga littafin a gaban mai sayarwa, ba ya buƙatar koneksiyon. Zai ɓata rai, to ya ɓata.

Masu cewa su sai takarda saboda ɗauke wuta lokacin zafi, na fahimce ku, ni ma a watan Afrilu da Mayu takarda ke cetona. Abin da na ce ma ƙannena shi ne su sauke PDF ɗin daga shafin marubucin kanshi, su kai a buga masu babi shidda na farko kaɗai, su tsaya a wurin su duba gefen kowane shafi kafin a ɗinke. In sun gama ayyukan babi na 6 da hannunsu su zo ni zan biya kuɗin buga sauran.