Ɓarzajjen Ots a Tukunyar Lantarki Mai Dahuwa a Hankali: Ra'ayina Bayan Na Jima Ina Dafa Shi

Ɓarzajjen ots, wato ƙwayar hatsin ots da aka raba da ƙaiƙayinta sannan aka datsa ta gida biyu ko uku da wuƙaƙen ƙarfe, abinci ne mai riƙe ciki da daɗin tauna, amma yana da wahala guda wadda ta hana mutane da yawa mayar da shi karin kumallonsu na yau da kullum. Yana cin minti 20 zuwa 30 a kan wuta kafin ya nuna, kuma a duk tsawon wannan lokaci sai an tsaya a kansa ana juyawa, in ba haka ba ya kama ko ya tafaso ya zube. Ga wanda safiyarsa ke cike da shirin fita aiki ko shirya yara, rabin sa'a a gaban murhu ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ne ya sa na koma dafa shi cikin dare a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, kuma na daɗe ina yin haka har na tsayar da ra'ayi a kai: hanyar tana da kyau ƙwarai, amma ba ta kai sauƙin da ake yawan kwatantawa ba, na cewa a zuba komai a rufe a je a kwanta. Akwai sharuɗɗa, kuma wanda bai kiyaye su ba zai ga laifin tukunyar alhali gyaran a hannunsa yake.

Ita tukunyar sassa uku gare ta: gangar jiki ta ƙarfe wadda wayoyin zafi ke cikinta, da kasko mai kauri na tangaran da ake cirewa a wanke, da murfin gilashi. Tawa mai cin kusan lita uku da rabi ce, tana da maɓalli guda mai matakai uku, ƙaramin zafi da babban zafi da kuma matakin riƙe ɗumi. Asalin irin wannan tukunya ya bayyana dalilin da ya sa ta dace da ɓarzajjen ots. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1940, kuma don dafa wake ya yi ta, kafin kamfanin Rival ya sayi sana'ar ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. Tukunya ce da aka ƙera tun farko domin ƙwaya mai tauri wadda ke son zafi kaɗan na dogon lokaci, kuma a cikin nau'o'in ots babu wanda ya cika wannan siffa kamar ɓarzajjen.

Sauran nau'o'in ba su dace da ita ba ko kaɗan. Ots ɗin da aka fi sani, wanda aka turara sannan aka latse shi ya zama falle-falle, minti biyar zuwa goma ya ishe shi a kan wuta, shi kuma na nan take ruwan zafi kawai yake jira. Idan aka bar ɗayansu sa'o'i bakwai a cikin zafi, narkewa zai yi ya caɓe, ya zama abu mai danƙo wanda ba a iya bambance ƙwaya ɗaya a cikinsa. Ɓarzajjen kuwa ba a latse shi ba, saboda haka ruwa yana ratsa shi ne sannu a hankali daga baya zuwa ciki, sitacin da ke jikinsa yana kumbura yana fita kaɗan-kaɗan yana ba ruwan kauri, tsakiyar ƙwayar kuma tana nan da sauran ƙarfinta har gari ya waye. Duk wanda zai gwada wannan hanya, ya fara da duba jikin kwalin ya tabbatar da nau'in da ya saya, domin akwai ma ɓarzajjen da aka datsa ƙanana sosai don ya yi saurin nuna, kuma shi ma ba ya jure dogon zama a tukunyar.

Ma'aunin da na tsaya a kai shi ne kofi ɗaya na ots da kofi huɗu na ruwa, da kofi mai cin mililita 240, sai ɗan gishiri wanda bai wuce rubu'in ƙaramin cokali ba. Wannan yana isar mutum huɗu. Gishirin ina sa shi tun farko, domin idan aka bari sai bayan an sauke, ɗanɗanonsa a sama yake tsayawa, ots ɗin kuma ya fito salam. Sa'o'i bakwai zuwa takwas a kan ƙaramin zafi shi ne lokacin da aka saba bayarwa, kuma na same shi daidai, sai dai tukwanen ba zafinsu ɗaya ba. Wata tana kai abinci ga ɓararraka da wuri fiye da wata ko da a mataki ɗaya aka sa su, don haka ina ba da shawarar a yi gwajin farko da rana, a lokacin da mutum yake gida yana iya leƙawa ta gilashin murfin, ya ga sa'ar da gefen ya fara yin duhu.

Batun gefen nan shi ne babban aibin wannan hanya, kuma a kansa zan fi tsayawa. Idan aka zuba ots da ruwa kai tsaye a cikin kaskon, da safe abin da ake tararwa kashi biyu ne. Tsakiyar ta yi laushi da kauri mai kyau, da ɗan ruwa-ruwa kwance a sama wanda juyawa ɗaya ke haɗe shi. Amma a zagayen bangon kaskon, daidai inda saman abincin ya tsaya, akwai zobe na ƙanzo mai launin ƙasa-ƙasa, busasshe, mai faɗin yatsa biyu, wanda a ɓangaren da zafin ya fi ƙarfi yakan kai ga yin baƙi. Dalilin a bayyane yake: zafin yana shigowa ta bango da gindin kaskon, babu mai juyawa cikin dare, abin da ya jingina da bangon kuwa shi ke fara bushewa. Ƙanzon da bai ƙone ba yana da ɗanɗano irin na gasasshen hatsi, kuma na san akwai masu son sa, amma idan ya yi baƙi warin ƙauri yana bin tukunyar gaba ɗaya. Bayan haka ga asarar abinci, domin kusan rabon mutum guda yakan maƙale a jikin kaskon. Shafa man shanu ko man girki a ciki kafin a zuba yana rage kamun, kuma yana sauƙaƙa wanki, amma bai hana shi ɗungurungum ba, musamman idan ots ɗin kaɗan ne a cikin babbar tukunya. Irin waɗannan tukwane sun fi yin aiki daidai idan abincin ya kai rabinsu ko kashi biyu cikin uku, kofi ɗaya na ots kuwa a tukunya mai lita shida shimfiɗa ce kawai a gindi wadda ba ta da abin da zai kare ta.

Maganin da ya kawar mini da wannan matsala baki ɗaya shi ne dafa ots ɗin a cikin kwano, kwanon kuma a cikin ruwa. Ana neman kwanon tangaran ko na gilashi mai jure zafi wanda zai shiga cikin kaskon murfi ya rufu, a zuba ots da ruwansa da gishiri a ciki, a ajiye shi a tsakiya, sannan a zuba ruwa a kaskon har ya kai rabin tsayin kwanon ko ya ɗan ɗara. Da wannan, zafin bangon ba ya taɓa abincin kai tsaye. Ruwan da ke kewaye da kwanon ne ke ɗaukar zafin ya rarraba shi daidai, kuma tunda ruwa ba ya wuce ma'aunin tafasarsa, babu inda zai yi zafin da zai ƙona ots ɗin. Da safe idan na ɗaga murfin, raɓar tururi tana gangarowa daga gilashin, saman ots ɗin ya yi 'yar fata siririya mai sheƙi, kuma cokali yana bin bangon kwanon ya fito da komai ba tare da kankara ba. Ko da barci ya zarce da sa'a guda, abincin yana nan lafiya. A ganina duk wanda zai riƙa dafa ots cikin dare, wannan ita ce hanyar da ya kamata ya ɗauka tun daga ranar farko. Abin kiyayewa kawai shi ne fitar da kwanon, domin yana da zafi da santsi, sai da tsumma mai kauri a hannu biyu.

Game da yanayinsa a baki, gaskiya ita ce ba ɗaya yake da wanda aka dafa a kan wuta ba. Na kan wuta ƙwayoyinsa a rarrabe suke, kowace tana ɗan turjewa a ƙarƙashin haƙori, kuma wannan taunar ce ta sa mutane da yawa suka fi son ɓarzajjen tun asali. Na tukunyar lantarki ya fi laushi da sulɓi, kaurinsa ya fi haɗuwa, taunar tana nan amma ta ragu sosai. Ni na fi son taunar, kuma a ranar da nake da sukuni har yanzu murhu nake komawa. Sai dai ragin bai kai ya ɓata abincin ba, kuma yara da tsofaffi sun fi karɓar mai laushin. Akwai dabara guda da ke dawo da wani abu daga ɗanɗanon da aka rasa: a soya busasshen ots ɗin sama-sama a kaskon suya a kan wuta da ɗan man shanu na 'yan mintoci har ƙamshinsa ya tashi, kafin a zuba shi a kwanon. Ƙarin aiki ne da dare, amma ana jin bambancin.

Madara ba na sa ta tun dare. Dogon zafi yana sa ta kama, wani lokaci ta tsinke, kuma ita ce ke ƙara wa ƙanzon duhu idan a kaskon kai tsaye aka dafa. Na fi son in dafa da ruwa zalla, da safe kowa ya zuba madara da zuma ko sukari gwargwadon son ransa. Kirfa da zabibi suna jure daren, zabibin ma kumbura yake yi ya ba abincin zaƙi, sai dai yana shan ruwa, don haka a ƙara ruwa kaɗan. Tuffa narkewa take yi ta ɓace a ciki, ayaba kuwa a bari sai an zuba a kwanon ci.

Abin da ya sa na ga wannan ɗawainiya ta cancanta shi ne amfanin abincin kansa. Rubu'in kofi na busasshen ots, kimanin giram 40, yana ba da kalori wajen 150 da furotin giram 5 da giram 4 na harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa. Cikin harzar akwai wani nau'i mai narkewa a ruwa da ake kira beta-gulukan, wanda shi ne ke ba dafaffen ots yauƙinsa, kuma saboda shi ne Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince a 1997 a riƙa rubutawa a jikin kayan ots cewa suna iya taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, bisa cin giram 3 na sinadarin a kowace rana tare da abinci mai ƙarancin kitse. Ɓarzajjen yana narkewa a ciki a hankali fiye da na nan take, saboda haka ba ya ɗaga sukarin jini da sauri irin nasa, kuma ni kaina na shaida cewa yunwa ba ta waiwayata sai rana ta take. Mai cutar da ke hana cin gulutin, wato wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir, ya nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu gulutin, domin sau da yawa ots yana gauraya da alkama ko sha'ir a gona ko a masana'anta.

Akwai kuma ƙa'idojin lafiyar abinci da bai kamata a yi sakaci da su ba, tunda girki ne da ake yi ana barci. Ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a abincin da ke tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyos, don haka idan wuta ta ɗauke cikin dare aka tarar da tukunyar ta huce ba a san tun yaushe ba, zubar da abincin ya fi. Abin da ya rage bayan an ci a kwashe shi a sa a firij cikin sa'o'i biyu, zai yi kwana uku zuwa huɗu. Idan ya yi sanyi daskarewa yake yi har a iya yanka shi da cokali, amma ɗan ruwa ko madara da 'yan mintoci a kan wuta suna dawo da shi yadda yake. Kada a ɗumama shi a cikin tukunyar, domin tana jinkirin ɗaukar zafi. Kaskon tangaran ɗin kuma ba ya son a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, tsagewa yake yi.

Wutar da tukunyar ke ci kaɗan ce idan aka kwatanta da murhun lantarki ko tanda, ba ta da ƙara, kuma muddin a cikin kwano aka dafa, wankin bai wuce na kwano ɗaya ba. Abin da na fi jin rashinsa a tawa shi ne agogon da zai mayar da ita matakin riƙe ɗumi da kanta idan lokaci ya cika, kuma wanda zai sayi sabuwa saboda wannan aiki ya nemi mai shi. Ga mutum ɗaya da ke cin ots jefi-jefi, ban ga dalilin sayen tukunya don wannan kaɗai ba, domin yana iya tafasa ots ɗin minti ɗaya ko biyu da dare, ya bari ya huce ya sa a firij, da safe ya ƙarasa shi cikin ɗan lokaci. Amma gidan da ke da mutum uku ko huɗu masu fita da sassafe, ko wanda yake son ya dafa na kwanaki a zama ɗaya, zai amfana da ita sosai, kuma tukunya mai lita uku zuwa huɗu tare da kwanon da ya shiga cikinta daidai ita ce girman da nake ba da shawara a nema.