Hayar Jirgin Ruwa na Mako Guda: Gaɓar Kuroshiya ko ta Turkiyya?

Wanda ya yi niyyar hayar jirgin ruwa na mako guda a Bahar Rum yakan rasa wadda zai zaɓa tsakanin gaɓar Kuroshiya da ta kudu maso yammacin Turkiyya. A Kuroshiya, tafiyar takan fara daga Split, ta bi ta tsibiran Hvar da Korcula har zuwa Dubrovnik, kuma kusan kowace yamma jirgin yakan tsaya a tashar wani tsohon gari na dutse. Fadar Sarkin Daular Rumawa Diyokletiyan da ke Split, wadda aka gina wajen shekara ta 300, har yau akwai mutanen da ke zaune a cikinta. Sai dai tun 2023 ƙasar ta shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ke amfani da biza guda, don haka mai neman biza sai ya fara shiri da wuri.

Ni dai ta Turkiyya ta fi kwanta mini a rai. Jirgin katako da ake kira gulet yakan tashi daga Fethiye da matuƙinsa da mai dafa abinci, ya kwana a lungunan teku inda babu hayaniyar gari, kuma a tsibirin Kekova matafiyi yakan leƙa cikin ruwa ya ga bangayen garin da girgizar ƙasa ta nutsar. Ga Musulmi, samun abincin halal ya fi sauƙi a nan.