Tomcat ɗin Tamiya na haɗawa da hannu, ga yadda na gan shi

Masu son harkar jiragen yaƙi ku matso. Wannan ɗan samfurin jirgin yaƙin Amurka F-14A Tomcat na roba da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar a 2016, sikeli 1/48, wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 48 na jirgin gaske, gaskiya kaya ne. A kwali yake zuwa gunduwa-gunduwa, kai za ka yanko sassan ka haɗa da gam ka yi fenti, kuma wallahi duk abin da ka ɗauko ka sa a gurbinsa zama yake daram, ba sai ka yi ta goga da cike rami ba.

Ni abin da ya fi tafiya da ni ƙafafun ne. Sai ka riƙe su a hannu za ka gane jirgin da ke sauka a kan jirgin ruwa daban yake da na tudu, ƙafafun baya kauri gare su, ta gaba taya biyu ce da ɗan sandan da ake maƙalawa a na'urar da ke cilla shi sama, ga kuma ƙugiyar nan ta ƙarƙashin wutsiya mai cafke igiyar ƙarfe, don filin gajere ne matuƙi ba lallaɓawa yake ba, buga jirgin yake da ƙarfi, yana taɓawa kuma sai ya ƙara wuta saboda in ƙugiya ta kuskure igiya ya samu damar sake tashi. To ka ga dole irin waɗannan sassa su riƙa cin kayan gyara, balle ga gishirin teku kullum yana cin ƙarfe.

Fukafukan suna motsi, ka tura ɗaya ɗayan ya bi shi. Na gasken daga digiri 20 zuwa 68 suke lanƙwashewa a sama, in an faka kuma har 75 don kar ya cinye wuri.

Sitika kala uku suka saka, biyu na rundunonin jiragen sojan ruwan Amurka wato VF-84 da VF-2, ɗaya na Iran, kuma na Iran ɗin na zaɓa saboda labarinsa. Guda 79 aka kai musu kafin juyin juya halin 1979, daga nan Amurka ta toshe kayan gyara, suka koma cire na wannan su sa wa wancan, wasu su ƙera da kansu. Da Amurka ta ajiye nata a 2006, sai aka shiga ragargaza da yawansu a sansanin Davis-Monthan da ke Arizona don kar ko noti ya kai Iran. Wannan abin har yanzu yana min ciwo, jirgi mai kyau haka a mai da shi tarkace.

Makamai masu linzami ma suna ciki, Phoenix da Sparrow da Sidewinder, da matuƙa biyu, bakin injin TF30 ɗin kuma ya fito tsaf.

Abu ɗaya dai, in so kake ka nuna shi yana shirin tashi, ƙafar gaba a durƙushe, gefen fukafukai a sauke, ba wannan kwalin za ka saya ba, akwai wanda suka fitar a 2021 musamman don haka. Gam da fenti kuma daban ake saya, sannan gilashin kan matuƙa a bi shi a hankali, gam na taɓa shi zai dushe.