Sandar Fatsa Mai Gaɓoɓi ko Mai Zugewa: Wadda Ta Dace da Tekun Zanzibar

Malam, ka tambayi wace sandar fatsa za ka saya don kamun kifi a tekun Zanzibar. Tsakanin sandunan biyu da ka ambata, mai gaɓoɓi huɗu da ake harhaɗawa da kuma mai zugewa kamar eriyar rediyo, ka sayi mai gaɓoɓi. Duka biyun na saya da kuɗina, kuma ɗaya ce kawai ta dawo gida tare da ni.

Mai gaɓoɓin da nake da ita tsawonta ƙafa 7 ne, amma idan aka warware ta kowace gaɓa ba ta kai ƙafa 2 ba, saboda haka tana kwanciya a cikin akwatin tufafi ba tare da an biya mata kuɗin kaya na musamman a jirgin sama ba. Na gwada ta a watan Satumba, lokacin da kifin tuna ke yawa a wannan yankin. Mun tashi daga Nungwi, a arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, bayan sallar asuba, muka nufi mashigin Pemba inda zurfin ruwa yake kaiwa mita 800 a wasu wurare. Muna jan kifin roba a bayan jirgi sai na ji keken zare ya fara ƙara, sandar kuma ta lanƙwashe tun daga kai har kusa da mariƙi. Na yi kusan minti ashirin ina ja yana ja, hannuwana suna rawa, gishiri ya bushe mini a fuska, amma ko gaɓa ɗaya ba ta motsa ba har matuƙin jirgin ya ɗago kifin da ƙugiyar hannu. Dalili shi ne mahaɗanta uku ne kacal, don haka nauyi yana rarrabuwa a jikinta kusan kamar sandar da ba a yanka ba. Wanda ya saba da tarwaɗa da karfasa a rafi ba zai gane ƙarfin kifin teku ba sai ya riƙe da hannunsa.

Mai zugewa kuwa, abin da zan iya yaba mata kawai shi ne tana shiga jakar goyo. Zobbanta da zare ke bi ta ciki suna juyewa su bar layi, yashi da gishiri suna shiga mahaɗanta su cije, tawa kuma a kwana na biyu ta karye a hannun kifin barakuda da bai ma yi wani girma ba.

Ka yi hattara da masu sayarwa, domin akwai waɗanda ke manna wa sandar rafi tambarin babban kamfani su ce ta ruwan gishiri ce, sai ka yi kwana uku a teku ka ga tsatsa ta fito a gindin zobban. Kafin ka biya, ka zura ɗan auduga a cikin kowane zobe. Idan ta maƙale, akwai tsagewa a ciki, kuma ita ce za ta tsinke maka zare a daidai lokacin da kifi ya kama. Haka nan kada ka ba da kafin alƙalami ga wanda ya tare ka a bakin teku da alkawarin jirgi alhali ba ka ga jirgin da rigunan ceto da idonka ba.

Ka haɗa da gajeriyar waya ta ƙarfe a gaban ƙugiya saboda kaifin haƙoran kifayen barakuda da wahu, kuma kowace yamma ka warware sandar ka ɗauraye ta da ruwan daɗi kafin ka ajiye.