Sharhi kan ofishin da ya sauya wa motata lamba a Alicante

Na ƙaura daga Birmingham ta Ingila zuwa Alicante ta Sifaniya da wata mota mai lambar Birtaniya wadda ta shekara 7 a hanya, kuma ban farga da halin da nake ciki ba sai da takardar gwajinta ta MOT ta kusa ƙarewa. A Birtaniya, motar da ta cika shekara 3 wajibi ne a duba lafiyarta duk shekara a kan kuɗin da bai wuce fam 54.85 ba, sai dai ba a yin wannan gwaji ko'ina in ba a garejin da hukuma ta amince da shi a cikin ƙasar ba. Ke nan mai irin wannan mota a Sifaniya, ko dai ya riƙa komawa da ita duk shekara ta Faransa ko ta jirgin ruwa daga Santander, ko kuma ya sauya mata lamba. Abin da ya kai ni wani ƙaramin ofishi ke nan na masu bin takardun hukuma a madadin jama'a, waɗanda a can ake kira gestoría.

Abin da ya fi ɗaga darajar ofishin a idona shi ne kuɗin da suka ƙi karɓa. Wani maƙwabcina Bature ya tabbatar mini cewa in na kai motar tashar gwaji ta Sifaniya, wato ITV, aka yi mata gwajin ganin dama, to shi ke nan na huta. Da wannan niyya na je, amma matar da ke kula da sashen motoci ta ce mini kada in yaudari kaina, domin wannan takarda ba ta maye gurbin MOT, kuma motar da ba ta cika dokar ƙasar da ta ba ta lamba ba, ba ta da hurumin hawa titi a wata ƙasar, balle ranar da aka yi hatsari kamfanin inshora ya samu ƙafar zillewa. Ta ƙara da cewa baƙo yana iya amfani da motarsa ta waje har wata 6, amma wanda ya zama mazauni wa'adinsa kwana 30 ne, ko 60 idan yana neman rangwamen haraji na sauya mazauni, sannan ita kanta hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, wato DVLA, tana buƙatar a sanar da ita idan mota za ta zauna a waje wata 12 ko fiye.

Tun daga 1 ga Janairu 2021, lokacin da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta kankama, motar Ingila ta zama kayan shigowa, ana iya ɗora mata kuɗin kwastam kashi 10 cikin 100 da harajin saye kashi 21. A nan ma sun nuna sanin aiki, domin su ne suka haɗa hujjar cewa na mallaki motar fiye da wata 6 kafin ƙaura, aka yafe mini, bisa sharaɗin ba zan sayar da ita ba sai bayan shekara guda.

Kafin a ba da sabuwar lamba sai mota ta ci gwajin ITV, kuma ranar gwajin ni na tuƙa da kaina. A tashar ba a raba mutum da motarsa: ana miƙa maka ƙaramar rediyon hannu, ka hau kan rami, ma'aikaci yana ƙasa da tocila yana ba ka umarni ka girgiza sitiyari hagu da dama, ka taka birki, ka saki. Kafin nan an ɗora tayoyin a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa don auna ƙarfin birki, an zura bututu a salansa don auna hayaƙi, an kuma gwama lambar jikin mota da girman tayoyi da abin da ke cikin takardar masana'anta. Ba magiya, ba sanayya, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni sau biyu. Na'ura ce ke magana, mutum yana rubutawa.

Motar ba ta ci gwajin ba, kuma a nan ne ƙorafina yake. Fitilun motar da aka ƙera don bin gefen hagu na titi, kamar a Birtaniya, suna karkata haskensu zuwa hagu, wato cikin idon mai tahowa a titin Sifaniya, kuma ledar da masu yawon buɗe ido ke mannawa a gilashin fitila ba ta wadatar wa mai neman lamba. Fitilar hazo ta baya ma tana ɓangaren dama, alhali a hagu ake son ta. Ofishin da ke wannan aiki kullum bai kamata ya bar ni in ji wannan daga bakin mai gwaji ba. Da sun faɗa tun farko, da ban yi sahu biyu ba. An ba ni wata 2 in gyara, kuma a tsawon lokacin ba ni da izinin fita da motar sai zuwa wurin makanike. Kuɗin sababbin fitilu ya ninka na gwajin sau da yawa. Abin ya kuma faɗo a watan Agusta, lokacin da rabin garin ke hutu, na yi ta buga wa ofishin waya ba a ɗauka, sai dai in je da ƙafata kafin su rufe da ƙarfe 2 na rana.

A karo na biyu motar ta wuce, aka manna mini ƙaramar alama a saman gilashin gaba ta dama, ofishin ya ƙarasa sauran aikin da hukumar zirga-zirga ta DGT har lambar ta fito. Yanzu gwajin duk shekara 2 ne har motar ta cika shekara 10, daga nan ya koma duk shekara, kuma tarar wanda ya bari nasa ya ƙare Yuro 200 ce.

Zan iya tura ɗan'uwa wannan ofishi, amma da sharaɗin ya fara kai motarsa gareji a duba fitilu, kuma ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗin kafin ya sa hannu. Idan motar ta tsufa, gara ya sayar da ita a Ingila tun kafin ya taso, domin lamba ce kawai ke sauyawa, sitiyari yana nan a dama. Har yau duk lokacin da na isa shingen biyan kuɗin hanya, sai uwargida ta miƙa hannu ta tagarta ta karɓo tikiti.